Ranar da mutum 30,000 suka yi turmutsutsu kan fom ɗin tallafin haya a East Point

East Point ƙaramin gari ne da ke manne da birnin Atlanta ta kudu maso yamma, a jihar Jojiya ta Amurka, dab da babban filin jirgin saman Hartsfield-Jackson. A ƙidayar 2010 mutanen garin ba su cika 34,000 ba, kuma galibinsu baƙaƙen fata ne. Hukumar gidaje ta garin ta sa ranar Laraba 11 ga Agustan wannan shekarar don raba fom ga masu neman tallafin kuɗin haya, tana tsammanin mutum kamar 10,000. Waɗanda suka cika filin ajiye motoci na rukunin kantunan Tri-Cities Plaza sun kai kimanin 30,000, kusan adadin mutanen garin kaf.

Wasu tun kwanaki kafin ranar suka tare a wajen, suna kwana cikin motoci da kan kujerun da suka zo da su daga gida. Agusta a Jojiya lokacin zafi ne mai gumi, ga kwalta ta ɗauki rana. Akwai mata da goyo, akwai tsofaffi, akwai masu keken guragu. Da aka fara rabon sai layi ya watse, na baya suka danno na gaba, 'yan sanda, wasunsu da hular kwano, suka shiga ƙoƙarin tsayar da jama'a. Mutum 62 ne suka buƙaci kulawar ma'aikatan lafiya, aka kwashi 20 zuwa asibiti. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Kafin a tashi an raba fom wajen 13,000.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne abin da ake wannan wahalar a kansa. Babu gida ko ɗaya da za a bayar a ranar, babu ko sisi da za a miƙa wa wani. Fom ne kawai na shiga jerin masu jira. Hukumar tana da takardun tallafin haya 455, duk suna hannun mutane, da gidajen gwamnati kimanin 200, duk a cike. Rabon da ta buɗe jerin masu jiran tun 2002.

Kafin a ga laifin kowa, sai an san darajar takardar da ake jira. Shirin da kowa a can yake kira Section 8, saboda sashe na 8 na dokar gidaje ta 1937 ne aka yi wa kwaskwarima aka samar da shi, yana aiki ne kamar haka: iyali su nemi gidan haya da kansu a hannun ɗan kasuwa, su riƙa biyan kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da suke samu a wata, hukumar gidaje ta cika ragowar kai tsaye zuwa asusun mai gidan. Haya a Amurka wata-wata ake biya, ba a tara ta shekara guda kamar yadda aka saba a Kano ko Abuja, don haka tallafin ma wata-wata yake fita. Kuɗin na gwamnatin tarayya ne, ta hannun ma'aikatar gidaje da raya birane, HUD, amma ƙananan hukumomin gidaje sama da 2,000, irin ta East Point, su ke rabawa, kowace da nata jerin.

A ɗauki mace mai yara biyu da ke aiki a kanti kan mafi ƙarancin albashin tarayya, dala 7.25 a awa, wanda yake nan yadda yake tun Yulin 2009. In ta yi awa 40 a mako, tana tashi da kusan dala 1,250 a wata kafin a cire haraji. A ce hayar gida mai ɗaki biyu dala 900 ce. Ba tare da tallafi ba, kusan kashi uku cikin huɗu na albashinta ya tafi ga mai gida tun ba a yi maganar abinci da wuta da kuɗin mota ba. Da takardar a hannunta, abin da za ta biya bai wuce dala 375 ba, hukuma ta biya sama da 500. A shekara sama da dala 6,000 ke nan. Kuma tallafin ba shi da wa'adi muddin ta ci gaba da cancanta. In aka rage mata awannin aiki kasonta ya sauka, in ta samu ƙari ya hau. Bayan haka tana iya ƙaura da takardar zuwa wani gari, har wata jiha. Duk wanda ya yi wannan lissafin zai gane cewa kwana biyu a filin ajiye motoci ba hauka ba ne.

Da can gwamnatin Amurka gina gidaje take yi da kanta ta zuba talakawa. A Atlanta ma aka buɗe ɗaya daga cikin rukunan farko, Techwood Homes, a 1936. Amma da tafiya ta yi nisa manyan rukunan suka lalace saboda ba a ware kuɗin gyara, suka zama matattarar talauci da wariyar launin fata. A 1972 aka fara rushe rukunin gidajen gwamnati na Pruitt-Igoe a birnin St. Louis da nakiya, duniya tana kallo a talabijin. Shekara ta zagayo Shugaba Nixon ya dakatar da sababbin ayyukan gina gidajen tallafi, sannan a 1974 Shugaba Ford ya sa hannu kan dokar da ta haifi Section 8. Hikimar ita ce a daina gini, a ba talaka ƙarfin shiga kasuwar haya kamar kowa. Da fari kashi 25 ne kason ɗan haya, aka mayar da shi 30 a 1981. Dokar 1998 ta ba shirin siffar da yake da ita yanzu: sai iyalin da samunsu bai wuce rabin matsakaicin samun yankin ba, kuma uku cikin kowane huɗu na sababbin takardu dole su tafi ga waɗanda ke can ƙasa, masu samun kashi 30 na matsakaicin ko ƙasa da haka. Dokar nan dai ta hana ƙara yawan gidajen gwamnati sama da adadin da ake da shi a 1999.

Atlanta ta fi kowane birni rungumar wannan sauyi. An rushe Techwood gab da wasannin Olamfik na 1996, kuma ƙarƙashin jagorancin Renee Glover hukumar gidaje ta birnin ta bi manyan rukunanta ɗaya bayan ɗaya. Bowen Homes ya faɗi a 2009. An ba mazauna da yawa takardun haya suka watsu cikin unguwanni da garuruwan kewaye. Ko mutum yana ganin an kyauta ko ba a kyauta ba, sakamako ɗaya a fili yake: zuwa 2010 ƙofar tallafin gida a yankin ta kusa zama guda ɗaya, ita ce takardar haya.

Sai kuma ga karayar tattalin arziki. Daga 2007 bankuna suka shiga ƙwace gidajen waɗanda suka kasa biyan bashin saye, kuma Jojiya na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Rashin aikin yi a jihar ya kai kusan kashi 10 cikin ɗari a 2010. Mutanen da jiya suke da gidan kansu suka dawo 'yan haya, 'yan haya suka koma raɓe wurin 'yan uwa ko ɗakunan otal masu araha da ake biya mako-mako. Ba kuma sai mazaunin East Point ne zai iya cika fom ba. Da yake yawancin hukumomin yankin sun rufe nasu jerin, da labari ya bazu cewa wata ƙaramar hukuma ta buɗe, sai jama'a suka kwararo daga ko'ina, kamar yadda unguwa ke komawa rijiya ɗaya da ta rage da ruwa a tsakiyar bazara.

Hukumar ta sha suka, kuma ta cancanci wani kaso. Wuri ɗaya, rana ɗaya, a tsakiyar zafi, ga takarda da sai an miƙa hannu an karɓa. Ana iya raba fom a makarantu da ɗakunan karatu cikin mako guda, ko a buga shi a jarida. Kuma ko da jami'i ya rantse cewa fom zai isa kowa, mutumin da ya shekara takwas yana jiran a buɗe ƙofa ba zai tsaya a baya yana kallo ba. Wannan duk gaskiya ne. Sai dai ni a ganina sukar ta tsaya a kan ƙaramin abu. A ce an tsara rabon tsaf, kowa ya karɓi fom ɗinsa cikin inuwa da ruwan sanyi, lissafin da ke ƙasa ba zai motsa ba. Takarda ba ta fita sai wani ya mutu, ko samunsa ya ƙaru ya fita daga shirin, ko an kore shi. A misali, in ɗaya cikin goma na takardu 455 ke dawowa hannun hukuma duk shekara, guda 45 ke nan. A raba 13,000 da 45, sai na ƙarshe ya jira kusan shekara 290.

Tushen matsalar yana Washington, a yadda aka ƙera shirin. Tallafin abinci na gwamnatin tarayya haƙƙi ne a doka: duk wanda ya cika sharaɗi a ba shi, kuɗin kuma ya bi yawan mabuƙata. Shi ya sa masu karɓarsa suka tashi daga kusan miliyan 26 a 2007 zuwa miliyan 40 a 2010 ba tare da an ga dogon layi a filin kantuna ba. Tallafin haya kuwa Majalisa ce ke yanka masa kaso duk shekara. In kason ya ƙare, shi ke nan, ko da mabuƙata sun ninka. A tsawon shekarun karayar, iyalan da ke riƙe da takarda sun tsaya a wajen miliyan biyu. A 2013 ma, da aka yi yankan kasafi na bai ɗaya, an rasa takardu kusan 70,000 na wani lokaci. Yau shirin yana ɗauke da iyalai kimanin miliyan 2.3, mutum sama da miliyan biyar, kuma in aka haɗa duk nau'o'in tallafin haya na tarayya, iyali ɗaya cikin huɗu da suka cancanta ne kawai ke samu. Maƙwabta biyu, samu ɗaya, yara ɗaya, wannan tana biyan 375, waccan tana biyan 900, kuma babu abin da ya raba su sai ranar da kowace ta ji labarin buɗe jeri.

Za a ce ai kuɗi ne babu. A 2010 takardun haya sun ci wa gwamnatin tarayya kusan dala biliyan 18. A daidai lokacin, rangwamen harajin da ake yi wa masu biyan ruwan bashin sayen gida yana cin abin da ya ninka haka fiye da sau uku, kuma mafi yawansa yana tafiya ne ga masu hali, don su ke da manyan gidaje da manyan basussuka. Wannan rangwamen ba shi da jerin jira. Mutum ya cika takardar harajinsa a falonsa ya samu. An rage shi sosai a gyaran dokar haraji na 2017, amma a ranar da ake turmutsutsu a East Point haka abin yake.

To shin takardar tana aiki ga wanda ya samu? A nan akwai hujja mai ƙarfi, kuma wani ɓangarenta daga Atlanta ya fito. Wata guda bayan abin da ya faru, a Satumban 2010, HUD ta fara wani gwaji a wurare 12, har da Atlanta, da iyalai kusan 2,300 da ke zaune a gidajen kwanan marasa matsuguni. Da ƙuri'a aka raba su: wasu aka ba su takardar haya ta dindindin, wasu tallafin 'yan watanni, wasu mazaunin wucin gadi mai haɗe da masu ba da shawara, wasu aka bar su da abin da aka saba. Bayan shekara uku, waɗanda aka ba takarda sun fi kowa zama daram. Komawarsu gidan kwanan marasa matsuguni ta ragu da fiye da rabi. Abin da ba a yi zato sosai ba shi ne sauran abubuwan da suka biyo baya: ƙarancin abinci ya ragu, dukan mata a gida ya ragu, yara sun rage sauya makaranta. Matar da take da inda za ta kwana ba dole ta koma wurin mijin da ke dukanta ba.

Akwai kuma tsohon gwajin da aka fara a 1994 a birane biyar, Baltimore, Boston, Chicago, Los Angeles da New York, da iyalai kusan 4,600, inda aka ba wasu takarda bisa sharaɗin su koma unguwar da talauci bai yi katutu ba. Shekaru da yawa ana ganin kamar bai haifar da komai a aljihu ba, sai a 2015 Raj Chetty da abokan aikinsa a jami'ar Harvard suka bi sawun yaran bayan sun girma. Waɗanda aka ƙaura da su kafin su kai shekara 13 suna samun kusan kashi 31 cikin ɗari sama da takwarorinsu da aka bari.

Masu adawa da faɗaɗa shirin su ma ba su rasa abin riƙewa ba. Tun da kason ɗan haya yana hawa da samunsa, duk ƙarin dala goma sai uku ta tafi haya, kuma wannan na iya sanyaya gwiwar neman ƙarin aiki. Brian Jacob da Jens Ludwig sun bincika ƙuri'ar da aka yi a Chicago a 1997, suka tarar da cewa aikin yi ya ɗan ragu a tsakanin waɗanda suka samu takarda. Raguwar ba ta da yawa, amma tana nan. Ana kuma fargabar cewa a garin da gidaje suka yi ƙaranci, zuba wa 'yan haya kuɗi ba tare da an ƙara gini ba zai iya tura haya sama ga kowa. Wannan damuwa ce ta gaske a irin su New York da San Francisco, inda dokokin gini suka ɗaure komai.

Wanda sunansa ya fito daga jeri kuma, tsugune ba ta ƙare ba. Ana ba shi aƙalla kwana 60 ya nemo gida, wasu hukumomin suna ƙarawa. Hayar gidan kada ta yi nisa da ma'aunin da HUD ke fitarwa duk shekara ga kowane yanki, wanda ake sa shi ƙasa kaɗan da tsakiyar farashin kasuwa. Sai mai duba gida na hukuma ya zo ya gwada famfo, ya kunna murhu, ya duba tagogi da na'urar gano hayaƙi da fentin da ke ɓarewa, kafin a sa hannu. Duk wannan yana ɗaukar makonni, gidan yana zaune ba haya, shi ya sa mai gida da yawa da ya ji an ambaci Section 8 a waya sai ya ce an riga an kama. Wasu ma a cikin tallar gidan suke rubutawa ƙarara cewa ba sa karɓa. Dokar tarayya ta 1968 ta hana ƙin ɗan haya saboda launin fata ko addini ko asali, amma ba ta ce komai kan inda kuɗin hayarsa ke fitowa ba. Wannan an bar wa jihohi da birane. A wani bincike da cibiyar Urban Institute ta fitar a 2018, masu gidaje 78 cikin ɗari a Fort Worth sun ƙi mai takarda, 76 a Los Angeles, 67 a Philadelphia. A Washington, inda dokar birni ta hana hakan, 15 ne kawai. A ƙasar baki ɗaya, kusan huɗu cikin goma na waɗanda aka miƙa wa takarda wa'adinsu yana cika ba su sami gida ba, takardar ta koma hannun hukuma. Mutum ya yi shekaru yana jira, ya riƙe ta wata biyu ko huɗu, ta suɓuce.

Har shi kansa zaman jiran yana da tarko. Hukumomi kan aika wasiƙa lokaci-lokaci su tambayi ko mutum yana nan kan buƙatarsa. In ba a amsa cikin wa'adi ba sai a goge suna. Kuma wa ya fi yawan sauya adireshi? Wanda ba shi da tsayayyen gida, wato wanda aka yi shirin dominsa. A matsakaici, iyalan da suka kai ga samun takarda sun jira kusan shekara biyu da rabi, kuma wannan lissafin bai haɗa da waɗanda ba su taɓa samun shiga jerin ba.

East Point ba ita ce ta ƙarshe ba. A Yulin 2011 mutum wajen 5,000 suka yi irin wannan rububin a Dallas, aka tattake wasu. Hukumomi suka ɗauki darasi, amma darasin tsaro suka ɗauka. Aka mayar da cika fom kan intanet, aka daina bin wanda ya riga zuwa, aka koma jefa ƙuri'a da kwamfuta. Ta fuskar lafiyar jama'a wannan ci gaba ne, babu mai musu. Tsohuwa mai ciwon ƙafa ba sai ta kwana a kwalta ba, kodayake wadda ba ta da waya mai intanet sai ta nemi ɗakin karatu ko jikanta. Abin da ya tafi tare da layin shi ne hoton. Taron East Point ya shiga labaran dare a duk faɗin Amurka, mutanen da ba su taɓa tunanin haya ba suka ga fuskokin masu nema. Mutum 30,000 da ke danna waya a ɗakunansu ba mai ɗaukarsu a kyamara.

Adadin kuwa ƙaruwa ya yi. Da Los Angeles ta buɗe jerinta a Oktoban 2017, karon farko cikin shekara 13, mutum kusan 188,000 suka nemi gurbi 20,000. Da ta sake buɗewa a 2022, sama da 220,000 suka nemi 30,000. Hukumar gidaje ta New York ta rufe nata jerin a ƙarshen 2009, ba ta sake buɗe shi ga kowa da kowa ba sai a watan Yunin 2024, na mako guda. Iyalai sama da 630,000 suka cika fom. Kwamfuta ta zaɓi 200,000 ta sa su a jerin masu jira, sauran aka sanar da su cewa ba su shiga ba.